Tambayi Mai Gyaran Keke: Shokar Gaba Mai Sifirin

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan hawan dutse na gwanjo suka yawaita a garin Bauchi, kuma galibinsu da shoka a gaba suke zuwa. Wasiƙun wannan fitowar duk a kanta suka tsaya, irin mai sifirin ɗin ƙarfe a ciki, ba mai iska ba. Ga wanda bai taɓa ganin cikinta ba, sanduna biyu ne masu ƙyalli ke shiga suna fita cikin kube biyu da ke riƙe da tayar gaba. Sifirin yana gefe ɗaya, yawanci na hagu in kana kan sirdi. Gefen dama ke ɗauke da makullin da ke hana shokar motsi, da abin rage saurin dawowa idan shokar tana da shi. Masu arha sosai sukan zo da sifirin a kowane gefe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaci ne a Fadaman Mada, nauyina kilo 96. Na sayi keke, an rubuta 100 a jikin fok ɗin, wato shokar gaban. Da na hau sai gaban ya nutse kusan rabi, in na faɗa rami kuwa sai in ji ƙwal, har hannuna ya girgiza. Na murɗa murfin nan mai alamar + da − har ya ƙure, ban ga wani canji ba. Ko shokar ta mutu ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shokarka lafiyarta ƙalau, sifirin ɗin ne ba na mai nauyinka ba. Kamfanoni sukan fito da kekunan nan da sifirin matsakaici, na mutumin da ke wajen kilo 70 zuwa 80. Lambar 100 ɗin kuma tana nufin shokar na iya nutsewa milimita 100 kafin ta ƙure.

Babu abin da ke yaudarar masu keke a rumfata kamar wannan murfin. Kowa ɗauka yake in ya murɗa shi zuwa + sifirin zai ƙara ƙarfi. Aikinsa kawai ya ɗan danne sifirin tun kafin a hau. Ɗauki misalin sifirin da kowane kilo 1 ke danne shi milimita 1. In ka murɗa murfin ya danne shi milimita 8, shokar ba za ta motsa ba sai nauyin da ke kanta ya haura kilo 8. Daga nan kuwa lissafin na da ne, kilo 1 milimita 1. Ribar da ka ci ke nan, milimita 8, kuma rami ɗaya a hanyar Ningi ya isa ya cinye ta. Kamar ƙato ne ya sa takalmin yaro, ya ce zai gyara da sassauta igiya. Ga wata illa kuma: murfin da aka ƙure yakan sa shokar ta daina jin ƙananan tsakuwa, sannan ta riƙa bugawa da ƙara duk lokacin da ta miƙe.

Kafin ka kashe ko kwabo, auna tukuna. Yanki siririyar roba daga tsohon tiyub ka ɗaure a sanda ɗaya, ka tura ta ƙasa har ta taɓa bakin kube. Buɗe makullin shokar. Wani ya riƙe maka kan keken, ka hau a hankali, ka miƙe a kan feda yadda kake yi in za ka gangara, kada ka yi tsalle. Sauka ba tare da ka danna kan ba, ka auna tsakanin robar da bakin kube. A shoka mai milimita 100, abin da ake so shi ne milimita 15 zuwa 25. Wanda ya samu 28 ko 30, murfin zai iya gyara masa. Kai da kake nutsewa kusan 50, sai dai a canza sifirin.

Kamfanonin da suka san aikinsu suna yin sifirin mataki-mataki. RockShox, alal misali, a samfura da dama da launi take bambanta su: rawaya mai taushi, ja matsakaici, shuɗi mai ƙarfi, baƙi na masu nauyi sosai. SR Suntour, wadda fok ɗinta samfurin XCT da XCM suka fi yawa a kekunan gwanjonmu, ita ma tana da mai taushi da matsakaici da mai tauri. Samun sabo a nan yana da wuya. Ni dai matattun fok nake tarawa ina cire nasu, ko in yi sautu Jos ko Kano. Dole tsawo da kauri su yi daidai da tsohon, saboda haka ciro naka ka tafi da shi. In za ka buɗe, fara mayar da murfin zuwa − har ƙarshe don sifirin ya saki, kuma ka bi shi a hankali, galibi na roba ne, sifana ɗaya marar kyau ta cinye haƙoransa.

Akwai masu cusa guntun bututu ko katako a kan sifirin don ya yi tauri. Kada ka yarda a yi maka. Zoben sifirin za su riƙa haɗuwa da juna tun shokar ba ta kai ƙarshenta ba, bugun kuma ya koma kan murfin robar nan da ke saitin fuskarka. Sifirin ɗin babur ma ba na nan ba ne.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a jami'ar ATBU, harabar Yelwa. Duk lokacin da na kama birkin gaba sai in ji ƙwas-ƙwas daga gaban keke. Wani ya ce sai na sayi sabon fok.

AMSA: Ɗana, riƙe kuɗin abincinka. Mafi yawan kekunan da ake kawo mini da wannan kuka, fok ɗin bai san hawa ba bai san sauka ba. Wurare uku ne ke yin irin wannan ƙarar, kuma da yatsa ake gane su.

Kama birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. Ɗora yatsun ɗaya hannun a inda wuyan keke ya shiga firam. In ka ji motsi a nan, boris ɗin wuya ne ya yi sako-sako. Sassauta notuna biyu na gefen wuyan da alanki, na 4 ko na 5, sannan ka ɗaure na saman kaɗan-kaɗan har motsin ya ɓace amma kan keken na juyawa sumul. Daidaita kan da taya, ka mayar da na gefen. Kada ka ɗaure na sama alhali na gefe suna ɗaure, wahalar banza za ka sha.

In wuya shiru, mayar da yatsunka bakin kube, inda sanda ke shiga. Motsi a nan yana nufin bushin ɗin ciki, wato zoben da sanda ke zamewa a cikinsa, ya cinye. Ɗan kaɗan ba komai, duk masu arha suna da shi, sai ya kai ido na ganin sandar tana rawa sannan a yi maganar canji. Na ukun, in birkinka na faifai ne, fatun birkin kan ɗan yi wasa a gidansu. Juya kan keken gicciye, ka sake turawa ba tare da ka kama birki ba. In ƙarar ta tafi, birki ne.

Akwai kuma kacau-kacau da ake ji a hanyar burji kawai. Wannan sifirin ne ke dukan cikin sanda saboda giris ya bushe, ko rigar robar da aka sa masa ta zame. A ciro shi, a mayar da rigar tsakiya, a shafe shi da giris sosai.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Daga Dass nake, ina hawa wajen Dutsen Mbula da ranar hutu. Tun shigowar hunturu shokata ta ƙage, sai na danna da ƙarfi take shiga, ba ta kuma dawowa sosai. Ina zuba mata baƙin mai kullum, ina kai keken wajen masu wankin mota. Me kuma ya rage?

AMSA: Ƙanena, abin da kake yi mata don kulawa shi ke kashe ta. A bakin kowane kube akwai zoben roba da ke share ƙura daga jikin sanda. Baƙin mai ya riga ya sha dattin inji, in ka zuba sai ƙurar hunturu ta manne masa ta zama kwaɓin yashi, sanda kuma ta riƙa tura shi ciki duk nutsewa. Fetur da kananzir su ma suna lalata robar, su wanke ɗan giris ɗin da ya saura. Ruwan injin wankin mota kuwa da ƙarfi yake ratsa zoben ya kwanta a gindin kube. Shokoki masu arha sandunansu na ƙarfe ne da aka yi wa rufin ƙyalli, ruwa na kwana a ciki tsatsa ta kama su tare da sifirin. Na sha kwance fok da rani tsakiya, jan ruwan damina ya zubo mini a ƙafa.

Taka sai an kwance. A cire taya da birki, a kwance notunan da ke gindin kube, a zare kuben. A goge ciki da tsumma mai tsabta har sai tsumman ya daina baƙi. In tsatsar sama-sama ce, samfefa mafi laushi da ɗan mai za su ɗauke ta. Ƙaramin ƙarzani ana cike shi da jan farce, in ya bushe a goge ya yi daidai, don kada bakinsa ya yaga roba. In rufin ya ɓare ya yi ramuka a daidai inda sanda ke shiga, gaskiya ta gama aiki. Sannan a shafa giris mai laushi a zoben roba da bushin, ba mai kaurin nan na boris ɗin mota ba, shi yakan sa shoka ta yi nauyin dawowa, balle da sanyin asuba. Masu tsada da ke da mai a gindin kube, nasu man na shoka ne, da awo ake zuba shi.

RockShox ta ce a yi wa nata irin wannan hidimar bayan kowace awa 50 ta hawa. A ƙurarmu ban ga dalilin wuce haka ba, ko da wane suna ne a jikin taka. Wanda bai iya ƙirga awa ba ya yi sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen hunturu. Tsakanin haka kuwa tsumma ne kawai: duk dawowa ka goge sandunan da bakin roba. Wanki da bokiti da soso.

Ka kuma duba gindin ƙafar dama ko akwai ɗan murfi, galibi ja. In akwai, shi ke saita saurin dawowa, a wasu har an zana kunkuru da zomo. Wataƙila yara sun murɗa shi gefen kunkuru. Sa shi tsakiya, danna kan keken da ƙarfi ka saki: ya dawo da sauri, amma tayar kada ta yi tsalle ta bar ƙasa.

TAMBAYA: Malam, na saya wa ɗana keke, muna Jahun. Wani shuɗin makunni a saman fok ɗin ya daina aiki, ko an juya shi shokar na motsi.

AMSA: Hajiya, makulli ne, na hawan kwalta da hawan tudu, don kada ƙarfin ƙafa ya tafi a lilo. Yaran sukan manta shi a kulle su yi ta tsallake kwalbati, haƙoran ciki su karye. In a buɗe ya lalace, ki bar shi, keken zai yi tafiyarsa lafiya. In irin mai amfani da mai ne kuma kika ga mai na tsiyaya, ko ya ƙage a kulle, sai a kawo a duba.

TAMBAYA: Baba, an ce mai sifirin ta talakawa ce, mai iska ita ce ta gaske. Na ga wata doguwa mai milimita 140, tawa 100 ce, kuma kubenta ya ɗan tsage. In saya, ko in kai tawa walda?

AMSA: Wanda ya faɗa maka haka bai san tarihin abin ba. RockShox, wadda Paul Turner ya kafa a Amurka a 1989, da iska ta fara. Amma wajen 1997 Marzocchi ta Italiya ta fito da Bomber Z1 mai sifirin da mai, masu gangaren dutse suka yi ta rububinta saboda laushinta, kuma har yau akwai masu tsada da sifirin a ciki. Mai iska ta fi rashin nauyi, kuma da famfo ake daidaita ta da nauyin kowa. Sai dai famfonta na musamman ne, na taya ba ya yi, in robar cikinta ta yi yoyo kuma a hanyar Gubi, gaban keken ya zauna ke nan. Sifirin ba ya sacewa. Ga mai zuwa aiki da gona a nan, ni shi zan zaɓa.

Doguwar kuwa ka bar ta a inda ka gan ta. Kowane ƙarin milimita 20 yana kwantar da wuyan keke da kusan digiri 1, ƙarin 40 zai ɗaga gaban, ya sa kan ya yi nauyin juyawa, ya kuma ɗora wa wuyan firam nauyin da ba a ƙera shi don shi ba.

Walda ma babu ita. Kuben yawancinsu na alminiyom ne ko maganiziyom, shi na biyun in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, kuma wurin da aka yi wa walda shi zai sake karyewa kana cikin gudu. Ajiye keken daga yau har ka samu wani fok mai milimita 100. In za ka je kasuwa, tafi da tsohon a hannu, a gwada girman taya, inci 26 ne ko 27.5 ko 29, da kaurin bututun wuya da tsawonsa, don na gwanjo da yawa an riga an yanke su sun yi gajarta. Ka kuma tabbatar yana da mazaunin irin birkinka, na faifai ko na gefen taya.