Daga ina mutanen Finland suka fito?

Ka tambaya ko mutanen Finland 'yan uwan mutanen Suwidin ne, tunda maƙwabta ne. Ta fuskar harshe ba haka ba ne, domin harshensu ɗan gidan harsunan Ural ne, dangin na Estoniya na kusa, kuma yana da dangantaka mai nisa da na Hangari.

Abin da ya haɗa su da Suwidin shi ne mulkin da Suwidin ta yi musu, wanda ya ɗauki kusan shekara 600, har zuwa 1809 lokacin da Rasha ta ƙwace Finland ta ba ta 'yancin gudanar da harkokin cikin gida. A 1812 aka mayar da babban birni daga Turku zuwa Helsinki, sannan suka ayyana 'yancin kai ranar 6 ga Disamba, 1917.

A ganina, babin tarihinsu da ya fi taɓa zuciya shi ne na Kareliya, wani yanki da ke iyakarsu ta gabas. Bayan yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, Tarayyar Sobiyet ta karɓe babban ɓangaren yankin har da birnin Viipuri, kuma mutane fiye da 400,000 suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu, suka kora shanunsu zuwa yamma, inda daga baya gwamnati ta yanka musu filaye.