Tona Asirin Farfesan Da Ke Cin Zarafin Ɗalibarsa: Gulma Ce Ko Nasiha?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a fannin kimiyya. Farfesan da ke duba aikina Musulmi ne, sananne, ya ci lambobin yabo, kuma kuɗin binciken sashenmu kusan duk ta hannunsa suke shigowa. Shekara biyu ke nan yana turo min saƙonnin batsa da dare. Sau biyu ya kai hannu jikina a ɗakin gwaji. Da na ƙi, sai ya fara cewa a gaban jama'a kan mace ba na lissafi ba ne, ya kuma riƙe aikina ya ƙi sa hannu. Bai kai ga yin lalata da ni ba, alhamdu lillahi. Wani da nake ganin girmansa ya ce in na yi magana na ci naman ɗan'uwana, na tona asirin da Allah ya rufe, kuma tunda ba ni da shaidu huɗu ƙazafi ne. Yanzu wata yarinya da za ta fara karatu ta tambaye ni ko ta zaɓe shi ya duba aikinta, na ce mata zan yi tunani. Me shari'a ta ce? Kuma ya halatta in ci gaba da kafa hujja da bincikensa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yaye miki wannan baƙin ciki, ya saka miki da alheri a kan tsare mutuncinki da kika yi alhali takardarki na hannun wanda ke neman keta shi. Ki fara sauke wani nauyi daga zuciyarki: shirun da kika yi shekara biyu saboda tsoro ba yarda ba ne, kuma ba ki da rabo a zunubinsa.

Haramcin abin da yake yi ba ya buƙatar dogon bayani. Kai ƙarar azzalumi wurin wanda zai iya hana shi kuwa halal ne ba saɓani, aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta halatta wa wanda aka zalunta ya faɗi zaluncin da aka yi masa, ta isa. Da a nan tambayarki ta tsaya, da na ce kina da zaɓi, ki kai ƙara ko ki haƙura gwargwadon ƙarfinki.

Amma yarinyar nan da ta nemi shawararki ta canza hukuncin. Daga ranar da ta tambaye ki, maganar ta tashi daga haƙƙinki da kike iya yafewa ta koma amanar da ba ki da ikon yafewa. Lokacin da Faɗimatu bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin Mu'awiya da na Abu Jahm a fili, ga shi kuwa sahabbai ne. To ina ga wanda za a damƙa wa yarinya shekara uku ko huɗu, makomarta na rataye da alƙalaminsa? Wajibi ne ki gargaɗe ta. Idan cewa "kada ki zaɓe shi, ba zai yi miki kyau ba" ya ishe ta, ki tsaya nan. Idan kin ga ba za ta fasa ba sai ta ji dalili, ki faɗa mata dalilin. "Zan yi tunani" ɗin nan kada ta wuce kwanakin da za ta miƙa sunansa.

Sai maganar shaidu huɗu, wadda ita ce ta fi damuna, domin da ita ake rufe bakin mata da yawa, kuma masu faɗinta sukan zaci tsoron Allah ne suke koyarwa. Shaidu huɗu da bulala tamanin da aya ta 4 a Suratun Nur ta ambata sun shafi wanda ya jefi wani da zina ne, ita kanta zinar. Ke kuwa da bakinki kika ce abin bai kai nan ba. Abin da kike tuhumarsa da shi saƙon batsa ne, da taɓa jiki, da wulaƙanci, da danne haƙƙi, kuma malaman fiƙihu sun sa waɗannan a babin ta'aziri, wato horon da alƙali ke yankewa gwargwadon laifi, inda ba a sharɗanta shaidu huɗu ba. Wanda ya ɗauko sharaɗin haddin zina ya ɗora a kan kowace irin cutarwa ya ƙirƙiro hukuncin da babu shi. Ki duba abin da maganarsa za ta haifar: mutum ya rufe ƙofar ofis ya yi abin da ya ga dama, muddin bai tara mutum huɗu su kalla ba, babu mai ce masa uffan. Shari'ar da ta zo don kare mutunci ba ta buɗe wannan ƙofa ba.

Hujja kuma ba ta taƙaita ga shaidar ido ba. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani cewa bayyina suna ne ga duk abin da ke fito da gaskiya, kuma a ƙissar Annabi Yusuf (AS) rigar da ta yage ta baya ce ta raba gardama. Saƙonnin da ke wayarki sun fi yagaggiyar riga bayyana.

Rufa asiri ma an ajiye shi a inda ba muhallinsa ba. Imam Nawawi, a sharhinsa ga hadisin rufa asirin Musulmi, ya ce wannan na mutanen da ba a san su da cutarwa da ɓarna ba ne. Wanda aka sani da cutarwa kuwa, abin so shi ne a kai maganarsa ga hukuma, domin rufa masa na ƙara masa kwaɗayin ɓarna. Wanda ya zame sau ɗaya tsakaninsa da Ubangijinsa ya yi nadama daban, wanda ya shekara biyu yana maimaitawa yana kuma hukunta wadda ta ƙi shi daban.

Na san abin da ke bayan shawarar da aka ba ki, ko mai ba da ita bai furta ba: mutumin babba ne, sashen na ci da sunansa. Wannan ita ce cutar da Annabi (SAW) ya kira halakar mutanen farko a ƙissar matar Banu Makhzum da ta yi sata, idan mai daraja ya yi laifi a ƙyale shi, idan mai rauni ya yi a hukunta shi. Zamaninmu ya gan ta ƙiriƙiri. Harvey Weinstein, wanda a da babban mai shirya finafinai ne a Amurka, ya shafe shekaru ana rufe maganarsa da kuɗi da yarjejeniyar yin shiru, har jaridar New York Times ta fasa ƙwai a Oktoban 2017, daga nan mata fiye da 80 suka fito. Geoff Marcy, masanin taurari a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya gano da yawa daga duniyoyin farko da aka gani suna kewaya wasu taurari, ya ajiye aiki a 2015 bayan binciken jami'ar ya same shi da saɓa dokokinta na hana cin zarafin mata tsawon shekaru. Kowace shekarar shiru a irin wannan, wata sabuwar yarinya ce ke biyan farashinta. Rahoton da manyan cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar a 2018 ya nuna cewa raini da ƙasƙantar da mace don mace ce shi ne nau'in cin zarafin da ya fi yawa, kuma dogaron ɗalibi ga malami guda a kuɗi da sa hannu na cikin abin da ke ba ɓarnar wurin zama. Halin da kike ciki ke nan.

Cewarsa kan mace ba na lissafi ba ne, ki bar ta inda ya yar da ita. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta karɓi lambar Fields, ɗaya daga mafi girman lambobin lissafi a duniya, a 2014.

Ga inda nake ja miki kunne. Ki faɗi abin da ya faru kawai, da rana da wuri, kada fushi ya sa ki ƙara ko kalma ɗaya. Kada ki kira shi mazinaci, kada kuma ki yi habaici da hakan, domin a mazhabar Imam Malik habaicin da ake fahimtar zina daga gare shi yana ɗaukar hukuncin ƙazafi. Abin da kika ji wasu mata sun ce ya yi musu, ba naki ba ne ki yaɗa. Su zo su faɗa da bakinsu. Ki adana saƙonnin a wuri fiye da ɗaya kafin ki yi magana da kowa. Ki bi ofishin da jami'a ta tanada, in ya gaza ki je ga hukumar da ke sama da shi ko kotu. Ban ba ki shawarar fara zuwa Facebook ko makamancinsa ba, don abin da aka saki a can ba ya dawowa, yakan kuma taɓa matarsa da 'ya'yansa da ba su ji ba ba su gani ba. Ki nemi a sauya miki mai duba aiki, kada ki sake keɓewa da shi, a bar ƙofa a buɗe ko ki shiga da wata. Sannan ki sanar da mahaifinki ko mijinki ko ɗan'uwan da kika san yana da natsuwa, wanda zai tsaya miki ba wanda zai je ya ta da rigima ba. Idan kin tabbata kai ƙara zai jawo miki cutar da ba za ki iya ɗauka ba, kina da uzuri ki jinkirta shi. Gargaɗin yarinyar ne ba ya jinkirtuwa, ko da a asirce ne, tare da roƙonta ta riƙe amana.

Bincikensa kuwa ki yi amfani da shi, ki kuma jingina masa abin da yake nasa, domin sakamakon gwaji ana auna shi da hujja ne, kuma zaluncinsa gare ki bai halatta miki tauye masa haƙƙinsa ba. Abin da ba a so shi ne ki tsaya a taro kina yabon halinsa ko ki tura masa ɗalibai.

Wallahu a'alam.