Dokina na firgita da ƙarar bindiga: in sayi man CBD?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ingarma ɗan shekara 5 a unguwar Bagalam, a Maraɗi. A hawan sallar da ta wuce, da ƴan bindiga suka saki wuta a ƙofar fada, ya zabura har ya kusa kayar da ɗana. Ko a turke ba ya zama lafiya, sai kai da komo da cizon itace. Wani ya tallata mini man CBD a WhatsApp, kwalba ɗaya jika 25, wai ana ɗiga wa doki a baki ya natsu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa. Shawarata kar ka saya.

CBD daga ganyen wiwi ake tatso shi. Shi kansa ba ya bugarwa, ɗan uwansa THC ne mai bugarwa, amma a tsiro ɗaya suke. A 2017 masu bincike a Amurka sun gwada kayan CBD 84 da aka sayo ta intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka dace da abin da aka rubuta a jikinsu, kuma an samu THC a cikin 18. To ina ga kwalbar da ta biyo hannu-hannu ta sha ranar Maraɗi? Hukumar magunguna ta Amurka ma, CBD ɗaya ta amince da shi a 2018, na masu farfaɗiya ne, kuma na mutane. A doki kuwa, kaɗan ne ke shiga jini cikin abin da aka ɗiga a baki. Ga kuma doka: wiwi haramun ne a Nijar. Kwalba mai hoton ganyen nan in ta faɗa hannun ƴan duwan a Ɗan Isa, kan iyaka da Najeriya, bayaninka zai yi tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne cizon itacen. Cikin doki ba ya daina zubo ruwan tsami dare da rana, don an halicce shi ne ya wuni yana tsinkar ciyawa. Mu kuma sai mu cika masa gero da dusa safe da yamma don ya yi sheƙi, tsakani ciki wayam. Nan gyambon ciki ke samun shiga, kuma dokin da cikinsa ke zafi ba ya da haƙuri. Doki mai kilo 300 na bukatar harawa ko ciyawa kamar kilo 5 zuwa 6 a rana. Ka rage hatsi, ka sa harawar wake ko ta gyaɗa ta riƙa kasancewa a gabansa. Jika 25 ɗin nan, ka kai ta can.

Sannan ka kira likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo ya duba masa baki. Na taɓa ganin dokin da aka yi wa shaidar tutsu, da aka buɗe bakinsa sai ga turmin haƙori ya yi kaifi ya yanka kunci, linzami kuma ya ci gefen harshe. A duba bayansa ma, inda sirdi ke zama.

Batun bindiga kuwa, sabo ne maganinsa. Ka fara tun saura wata biyu sallah. A buga ganga daga nesa yana cin abinci, in bai ɗaga kai ba gobe a matso kaɗan. In ya razana a ja baya, ban da bulala. Ranar hawa a jera shi kusa da tsohon doki da ya saba da tambari da algaita, kuma babba ya hau shi bana, yaron ya dakata.

Tambaya: Ni sukuwa nake yi. In na ba dokina CBD kafin gasa akwai laifi?

Amsa: Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana a same shi a jikin doki ranar gasa. A filinmu na gida ko ba mai ɗibar jini, ɗan'uwa, ban yarda ka ba doki abin da ba ka san ƙarfinsa ba, sannan ka ɗora ɗan mutane a kansa ka sake shi da gudu.