Haɗa kod da hamonik a jitar bes: amsa ga mai koyo

Saƙonka ya iso, ɗana. Ka ce: "Maigida, ina jin masu bes suna fitar da wani siririn sauti mai tsabta, har su haɗa kod da shi, wato sautuka da yawa a lokaci guda. Ni in na gwada sai tsirkiya ta ce tuf, ta mutu. In kuma na danne tsirkiya uku a ƙasa don in yi kod, gurnani kawai nake ji. Ina matsalar take?"

Gurnanin nan ba laifin hannunka ba ne. A cikin tsirkiyoyin bes huɗu, ta E tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, A sau 55, D wajen 73, G kuma 98. Sautuka masu zurfi irin waɗannan in suka matsu da juna, kunne ba ya iya raba su, sai su cakuɗe. Amfanin hamonik, wato siririn sautin nan da ka ji, ke nan: ya ɗauki sauti biyu ya kai su can sama, ya bar guda ɗaya a ƙasa, a samu fili a tsakani. Don haka ka cire ran cewa kod ɗin duka da hamonik za ka gina shi. Biyu a sama, ɗaya a ƙasa wanda ka danne sosai, kuma na ƙasan nan shi ke raɗa wa kod suna. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Tsirkiya in ka kaɗa ta, ba tsawonta gaba ɗaya kaɗai ke rawa ba. Tana rawa rabi da rabi, tana rawa kashi uku, kashi huɗu, kashi biyar, duk a lokaci guda, sai dai babban sautin ya danne sauran. Idan ka ɗora yatsa daidai inda rabon ya faɗa, babban ya yi shiru, ƙaramin ya fito fili. Firet, wato ƙarafan da ke jere a wuyan jita, na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, yana ba ka sautinta amma okteb ɗaya sama, wato karkarwar ta ninka biyu. Na 7 kashi uku ne: tsirkiyar G ta ba ka D, ta D ta ba ka A, ta A ta ba ka E, ta E ta ba ka B. Na 5 kashi huɗu ne, sunan tsirkiyar bai canja ba, sai dai ya hau okteb biyu. Na 4 kashi biyar, a nan G ta ba da B, D ta ba da F shaf. Waɗannan huɗun sun ishe ka aiki na dogon lokaci.

Yanzu ga dalilin tuf ɗin. Ka saba danna tsirkiya a bayan ƙarfen firet, kuma daidai ne ga sauti na yau da kullum. Hamonik kuwa a kan ƙarfen kansa yake, tsaf, ba gaba ba baya. Kuma ba danna ake yi ba, taɓawa ce, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta yi zafi: naman yatsa ya sauka, hannun dama ya kaɗa, yatsan ya tashi. Kada tsirkiyar ta lanƙwasa ko kaɗan zuwa katako. In ka ɗaga da wuri, buɗaɗɗiyar tsirkiya za ta yi ƙara. In ka daɗe a kai, sautin zai shaƙe. Fara da na 12 a tsirkiyar G, shi ne mai saurin amsawa, har sai ya fito sau goma a jere ba kuskure, sannan ka gangara 7, ka gangara 5.

Hannun dama ma yana da nasa laifin, kuma masu koyo ba su cika zarginsa ba. Yawancinku kuna kaɗawa kusa da ƙarshen wuyan jita, inda tsirkiya ke da laushi. To, hamonik na firet 5 yana da wani wurin rabo a daidai inda firet na 24 yake, ko inda zai kasance in jitarka ba ta kai can ba. Wato a wurin da tsirkiyar ba ta motsi kake jan ta, yaya za ta yi magana? Koma da hannunka baya, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu daga jaki, wato inda tsirkiyoyi suke zaune a jikin jita, ka ja da ɗan ƙarfi da bakin yatsa. In jitar tana da fikof biyu, wato masu ɗaukar sautin tsirkiya, buɗe na wajen jaki, ka rage na wajen wuya, ka buɗe ton, wato maɓallin kaifin sauti, har ƙarshe. A amfilifaya kuma kada ka cika bes ka kashe sautin tsakiya da na sama, nan ne hamonik ke zaune. Sai tsirkiya: wadda gumi da ƙurar hunturu suka cike ramukanta ba za ta yi ƙara mai tsawo ba komai gwanintarka. Goge ta da busasshen ƙyalle duk lokacin da ka gama, sama da ƙasa. In ta riga ta mutu, sabuwa ce magani.

To, ga kod na farko, wanda ba ya bukatar danna komai. Shimfiɗa ƙaramin yatsanka na hagu a kan ƙarfen firet 5, ya taɓa tsirkiyar D da G tare. Babban yatsan dama a kan E, manuni a ƙarƙashin D, na tsakiya a ƙarƙashin G. Kaɗa su ukun lokaci ɗaya, ka ɗaga ƙaramin yatsan. Abin da ke ƙara shi ne E a ƙasa, D da G a sama, wato E maino 7. Tsaya ka saurare shi har ya ƙare, kada ka yi gaggawar wucewa.

Daga nan abin yake daɗi. Ka bar D da G ɗin nan a inda suke, ka riƙa canja na ƙasa kawai. Danne C da manuni a firet 3 na tsirkiyar A: kod ya zama C mai ɗan buɗewa, wanda bai bayyana ko mejo ne ko maino ba. Matsar da manunin zuwa firet 3 na tsirkiyar E, ka samu G. Na huɗu sai hannu ya ɗan gusa: manuni ya danne D a firet 5 na tsirkiyar A, ƙaramin yatsa ya taɓa firet 7, inda za ka samu A da D. In da do-re-mi ka saba, a ki na G wannan zagayen la, fa, do, so ne, kuma waƙoƙi da yawa a kansa suke tafiya. Akwai wani da nake ƙauna ƙwarai: danne E filat a firet 6 na tsirkiyar A da yatsan tsakiya, manuni ya taɓa firet 5. Sautukan sama ba su canja ba, amma kod ya koma E filat mejo 7, launinsa daban gaba ɗaya da na E maino 7, alhali sautin ƙasa kawai ka sauya. Yi su biyun a jere ka ji da kunnenka.

Lura da abu ɗaya lokacin da kake danne C. Hamonik yana sa ɓangarorin tsirkiya duka su yi rawa, har da wanda ke bayan yatsanka wajen kan jita. In cikin manuninka ya kwanta ya goga tsirkiyar D a firet 3, ko da ba ka ji ba, sautin ya tafi. Sai ka lanƙwasa yatsan ya tsaya da kansa, babban yatsan hagu ya koma tsakiyar bayan wuya, a samu rami a ƙarƙashin yatsu wanda tsirkiyoyin biyu za su yi rawa a ciki. In hannu ya zauna haka, za ka iya kaɗa hamonik sau ɗaya, ka bar su suna ƙara, ka sauya sautin ƙasa sau biyu a ƙarƙashinsu ba tare da ka sake taɓa su ba.

Firet 4 ka bar shi sai na 5 da na 7 sun zauna, don ya fi su gardama. Wurinsa ba a kan ƙarfen yake tsaf ba, ɗan baya yake kaɗan wajen kan jita, sai ka laluba. Danne G a firet 3 na E, ka taɓa D da G a wurin, ka samu F shaf da B: G mejo 7. Na'urar saiti za ta nuna maka sun ɗan yi ƙasa, wajen kashi 14 cikin 100 na rabin taki, wato tazarar firet ɗaya. Haka halittar wannan hamonik take, kada ka murɗa kunnen jita a kansa. Amma saitin jitar gaba ɗaya dole ya yi daidai, don hamonik ba a gyara shi da yatsa. Gwada na firet 5 a E da na firet 7 a A, sauti ɗaya ya kamata su ba ka. In kana jin suna wani kaɗawa a tsakaninsu, ɗaya ta kauce.

Ka nemi Portrait of Tracy na Jaco Pastorius, Ba'amurken da ya saka shi a faifansa na farko a 1976, bes kaɗai ba ganga ba komai. Ka saurara don kunnenka ya san inda hanyar ta kai, amma ban yarda ka fara koyonsa yanzu ba. Akwai wuraren da yake danne tsirkiya da wani yatsa ya taɓa hamonik da wani, miƙar hannun da za ta sa ka ƙosa tun ba ka yi nisa ba.

A cikin ban, wato rukunin makaɗa, kuma ka san lokacin hamonik. Buɗe waƙa, ko inda mawaƙi ya sassauta murya ganga ta yi shiru, nan ne wurinsa. Da zarar ganga da kibod sun shigo da ƙarfi ba mai jin sa, kuma in ka bar ƙasa babu kowa waƙar za ta yi rauni, sai ka koma aikinka na riƙe gindi.

Ranar Asabar ka zo da jitarka da wayarta. Zagayen nan na E, C, G, D nake so in ji, a kan bugu 60 a minti, kowane kod bugu huɗu, sautuka ukun su fito tare. In ɗaya ya ƙi fitowa, kada ka canja komai kafin ka zo, ina so in ga yadda hannun yake kwance.