Amsa: Allurar tsayar da jini bayan haihuwa

Hajiya, kin tambaya ko allurar tranexamic acid da aka ce tana tsayar da jinin haihuwa za a iya saya wa ƙanwarki da ke Mirriya, a yi mata tun kafin naƙuda, tunda ta zubar da jini sosai a haihuwarta ta baya.

Maganin na gaskiya ne, aikinsa shi ne hana gudan jinin da ya daskare a bakin jijiya narkewa da wuri. Binciken WOMAN da aka fitar a 2017, wanda ya haɗa mata kusan 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna cewa idan aka yi allurar cikin awa 3 da haihuwa ga wadda jini ya riga ya ɓalle mata, mutuwa sanadiyyar zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai bincike na biyu a 2024, a kan mata masu ƙarancin jini, bai nuna cewa yin ta a matsayin rigakafi yana hana zubar jinin ba. Saboda haka ban ga amfanin sayenta a ajiye a ɗaki ba, balle ma ta jijiya ake yin ta.

Abin da ya fi shafar ƙanwarki shi ne ƙarancin jini. A buɗe fatar idonta ta ƙasa, idan ta yi fari fat, a kai ta awo a duba jininta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini. Kuma wannan karon ta haihu a asibiti a nan Damagaram, inda ungozoma za ta yi mata allurar oxytocin, mai sa mahaifa ta tsuke don rage zubar jini, da zarar jariri ya faɗo.