Ni ɗalibar likitancin haƙori ce, za a yi mini tiyatar gyaran fuska kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Gombe ce, ina aji biyar a fannin likitancin haƙori a Jami'ar Maiduguri. Kusan shekara guda ke nan na lura gefen hagu na muƙamuƙina, can wajen turamen ƙasa, ya fi na dama tudu, kuma kamar yana ƙaruwa. Ba ya ciwo ko kaɗan, ina cin komai, sai dai a hoto fuskar tana fitowa a karkace har ƙawaye sun fara tambaya. An sa ranar aurena bayan babbar sallah. Na ji ana yi wa ɗaliban haƙori tiyatar gyaran fuska kyauta ko da rangwame in sun yarda a yi darasi a kansu, wasu kuma sun ce in jira masu zuwa yin tiyata kyauta. Mahaifina ɗan fansho ne, ba na so in ɗora masa nauyi, ga kunyar 'yan ajinmu su gan ni a kan kujera. Mahaifiyata kuma ta ce kada in yarda a sa mini ƙarfe. Ta ina zan bi in samu sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Zan fara da maganar kuɗi tunda ita kika sa a gaba, amma ki sani tun yanzu akwai abin da ya fi ta ɗaga mini hankali a wasiƙarki.

Katin ɗaliba ba ya biyan kuɗin tiyata. Abin da ake yi shi ne kara irin ta 'yan gida: malaminki zai duba ki ba tare da dogon layi ba, zai sa baki a gaggauta hoto, zai iya rubuta wa hukumar asibiti takardar neman rangwame. Iyakarta ke nan. A asibitin gwamnati, likitan da zai riƙe wuƙa albashi yake ci, don haka babu wani kuɗin hannunsa da zai yafe miki. Abin da ke cin aljihu shi ne kuɗin ɗakin tiyata, maganin sa barci, gado, jini, gwaje-gwaje, sannan uwa-uba ƙarfen titaniyom da kusoshinsa in aikin ya kai a ɗaure ƙashi, wanda sau da yawa wajen 'yan kasuwa ake sayensa, farashinsa kuma dala yake bi. Yarda a yi darasi a kanki ba ya goge ko ɗaya daga cikin waɗannan. A asibitin koyarwa ai kowane majiyyaci darasi ne.

Ki bincika ko makarantarku ta sa ki a inshorar lafiya ta ɗaliban manyan makarantu, wato TISHIP, wadda yawanci kuɗinta yana cikin kuɗin rajista, ɗalibai da yawa suna biya ba su ma san da ita ba. A gida kuma akwai GoHealth ta jihar Gombe. Sai dai ki kula da sunan da kike ba wa abin. Inshora ba ta biyan tiyatar kwalliya. In kika shiga ofis kika ce gyaran fuska kike so saboda biki, kin rufe wa kanki ƙofa da hannunki. In kuwa kika je da takardar likita mai ɗauke da sunan cuta, akwai abin da za a tattauna, ko da ba za su ɗauke nauyin duka ba. Kuma ki shirya bin takardarki da ƙafa, don na sha ganin takardar rangwame tana kwana a kan tebur ana jiran mai sa hannu ya dawo daga taro, majiyyaci kuma na kwance ana jiran lambar amincewa daga kamfanin inshora kamar cutar ita ma ta yarda ta jira.

Tiyatar kyauta ta gaske akwai ta, amma kowace da mutanenta. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin gyaran tsagaggen leɓe da ganɗa a asibitoci da dama a Najeriya. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma mai cin fuska, wanda aka kafa a 1999, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF kuma suna aiki da shi tun 2014. Babu ɗaya daga ciki da aka tanada don kumburin muƙamuƙin baliga. Ayarin da ke zuwa su yi mako ɗaya su naɗe kaya kuma ba su dace da ciwon da ke bukatar a bi shi shekara da shekaru ba.

To yanzu mu zo kan abin da ya dame ni. Kin ce "ba ya ciwo ko kaɗan", kin faɗe shi a matsayin abin kwantar da hankali. Wannan jimlar ita ce ta fi kowace cika mana gadajen asibiti, kuma kullum sai na ji ta, daga bakin manomi, daga bakin malamin makaranta, yau kuma daga bakin 'yar aji biyar. Lallai wanzami ba ya son jarfa. Da a jarrabawa aka kawo miki mace mai shekara ashirin da wani abu, da kumburi mai tauri a bayan muƙamuƙin ƙasa, gefe ɗaya, ba ciwo, yana girma a hankali tsawon shekara, me za ki fara rubutawa? Na tabbata ba za ki rubuta "a jira bayan biki" ba. Amiloblastoma za ki sa a sama, ki bi shi da jakunkunan ruwa na cikin ƙashi, mai rungumar haƙorin da bai fito ba da keratosist mai yawan dawowa, sai ƙarin ƙashi irin su osifayin faiburoma. Kin san amiloblastoma ita ce ta fi yawa a cikin ƙarin da ke tasowa daga tsiron haƙori a wannan yankin namu na Afirka, kusan 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa take fitowa, mafi yawa daidai wurin da kika nuna, kuma shekarunki suna cikin shekarunta.

Ban ce ita ce ba. Ba a gane cuta ta wasiƙa. Yana iya zama tsokar tauna ce ta yi kauri, ko kan ƙashin mahaɗar muƙamuƙi ne ya zarce ɗan'uwansa girma, ko wani abu mai sauƙi. Amma babu mai ikon cewa mai sauƙin ne sai an ɗauki hoto, kuma ke ba ki ɗauka ba, alhali injin OPG, mai ɗaukar hoton muƙamuƙi da haƙora gaba ɗaya, yana sashen da kike shiga kullum.

Rashin ciwon shi ne tarkon. Haƙori mai rami yana hana barci, mai shi ya zo da sassafe a cire ko a cike, ya tsira. Ƙarin da ke cikin ƙashi kuwa yana ture jijiya gefe a hankali ba tare da ya cije ta ba, yana cinye ƙashin daga ciki, yana narkar da saiwar haƙora, yana faɗaɗa bangon har ya yi sirantar da in an danna da yatsa a ji wannan ƙarar da littafinku ke kira ta ɓawon ƙwai. Duk wannan mai shi yana cin tuwonsa yana taunar rake. Ranar da ciwo ya zo, yawanci ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ko ƙashin ya karye da kansa. Wato wanda ke jiran ciwo ya tura shi asibiti, yana jiran matakin da aka riga aka makara ne.

Kuma kafin majiyyata su iso gare mu akwai tashoshin da suke tsayawa, na haddace su. Mai kyamis zai ce sanyin haƙori ne, ya ɗaure Ampiclox da Flagyl a leda, a sha, a dawo, a sake sha. Sai wani mai kujera ɗaya da fensa a bayan kasuwa, wanda bai taɓa shiga rajistar hukumar likitoci ta MDCN ba, ya ga turmi yana girgiɗi ya fizge shi ba hoto. Ramin ya ƙi warkewa, bayan 'yan watanni nama ya ɓullo ta cikinsa. Daga nan sai wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, ko a yi sakiya, a shafa wani baƙin gari. Mai magani a mota da lasifika kuma ya ce daji ne, ya sayar da jarka. In sun zo ƙarshe, za ki ga mace ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, in ta buɗe, kunci ya yi sulɓi yana ƙyalli, ga layukan tsaga a jere sun warke sun bar tabo, haƙoran ƙasa sun watse kowane ya kalli gabansa, na sama suna nutsewa cikin naman da ya taso. A sa hoton a fitila a ga ƙashin ya koma kamar kumfar sabulu tun daga kusurwar muƙamuƙi har ta haye tsakiyar haɓa. In ka tambaya me ya sa sai yanzu, amsar ɗaya ce: "Likita, ai ba ya ciwo, kuma an ce mu jira masu yi kyauta."

Yanzu ki auna da ma'aunin da kika zo da shi, wato kuɗi da kyan fuska. In ƙaramar jakar ruwa ce aka kama da wuri, ta cikin baki ake shiga a ƙwaƙule ta, ko a buɗe mata ƙofa ta tsotse a hankali, ba tabo a waje, ba ƙarfe, ƙashi ya cike gurbinsa. In amiloblastoma ce irin mai tauri, kin san kankara kawai ba ta isa, dawowa take yi, dole a yanke da ratar santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi. Tana ƙarama, sau da yawa ana iya barin gindin muƙamuƙin a tsaye, siffar fuska ba ta rushe ba. Ta girma kuwa, sai a tsaga ta ƙarƙashin muƙamuƙi a cire yanki guda da haƙoransa da jijiyarsa, leɓen ƙasa na wannan gefen ya mutu har abada, a ɗaura ƙarfe, a yanko ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari ko siririn ƙashin ƙwauri a dasa. Ga jini leda-leda, ga ciyarwa ta robar hanci, ga haƙoran roba daga baya. Kowane watan da kika ƙara kina jiran rangwame, kina matsar da kanki ne daga aikin farko zuwa na biyu, kuma babu rangwamen da zai cike tazarar kuɗin da ke tsakaninsu. Nauyin da kike gudar wa mahaifinki, jiran nan ne ke ninka masa shi.

Maganar ƙarfe da mahaifiyarki ta yi, ba daga kanta ta ƙirƙira ba, abin da ake faɗa ne a ko'ina, wai daji ba ya son allura, in wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata. Ga inda zancen ya samo ƙafa: mutane suna zuwa a makare, a ciri nama a kai gwaji, cutar ta ci gaba da abin da dama take yi, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ko kuma wanda bai san aikin ba ya kankare sama-sama, abin ya dawo, a ce ga shi nan an faɗa. Ɗan naman da za a cira don gwaji bai fi ƙwayar wake ba, da allurar kashe ciwo ake yi, ki tashi ki tafi gida da ƙafarki. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu hana a sa ƙarfen asibiti da aka dafa aka tsarkake, su ne ke miƙa kunci ga askar wanzami. Kada ki yi musu da Hajiya a tsakar gida. Ki roƙe ta ta raka ki, ta zauna ta ga hoton da idonta, likita ya yi mata bayani. Iyaye mata sun fi yarda da abin da suka gani a fitila fiye da abin da 'yarsu ta karanto a makaranta. Addu'a da tofi kuwa a ci gaba da su, babu likitan kirki da zai hana, amma a haɗa da neman magani kamar yadda addini ya umarta.

Kunyar 'yan aji ba hujja ba ce. Haƙƙinki ne ki ce ba ki yarda ɗalibai su shiga ba, kuma sirrin majiyyaci bai faɗi don majiyyacin ɗaliba ce. Ki samu babban likitan sashen tiyatar baki da muƙamuƙi ki gaya masa a keɓe. In duk da haka ba ki sake ba, in kin zo hutu ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Amma fa in hutun ya wuce mako biyu nan gaba, kada ki jira shi. Inda kika fara kuma ki yi ƙoƙarin tsayawa a nan, domin in amiloblastoma ce za a riƙa duba ki aƙalla shekara 5, an ma ga wadda ta dawo bayan 10.

A wannan makon ki yi OPG, shi ne mafi arha a cikin duk abin da muka lissafa. In ya nuna wani abu, a yi hoton CT mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, a zuƙi ruwan ciki da sirinji, a ciri nama. Sai sakamako ya fito za a san girman aikin da kuɗinsa, a lokacin ne takardar rangwame da inshora da taimakon dangi ko masu zakka za su sami abin kamawa. A lokacin ne kuma za ki zauna da wanda zai aure ki ki gaya masa gaskiya, ku duba ko ranar za ta tsaya ko a ɗaga ta. Kada ki bari kowa ya cire miki haƙori a wannan gefen kafin hoto. In kuwa kika ji leɓen ƙasa ya fara yin dindiris kamar an yi miki allura, ko turmi ya fara girgiɗi, ko kumburin ya yi saurin tashi cikin makonni, ko cizonki ya sauya, ranar za ki je, ko da Asabar ce, ta sashen gaggawa.