Tambaya da Amsa: Wane Fenti Ya Dace da Tsohon Injin Walda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sami tsohon injin walda ƙirar Lincoln SA-200, mai injin fetur. Na gyara shi tsaf, yana tashi, yana walda lafiya lau, saura fenti. Abokan aiki sun ce ja zan yi masa tunda ja ne launin Lincoln, amma inda na kankare tsatsa ruwan toka nake gani. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bi abin da idonka ya gani. Abokan aikinka ba su yi ƙarya ba, sai dai sun haɗa inji biyu wuri ɗaya. Kamfanin Lincoln Electric, wanda John C. Lincoln ya kafa a Cleveland ta Amurka a 1895, ya yi suna da jan launi, kuma ƙaramin injinsa na tiransifoma AC-225 ja ne. Amma SA-200, wanda masu waldar bututun mai suka fi so, da ruwan toka ya saba fitowa daga masana'anta. Idan ka ji masu tara irin waɗannan injuna suna cewa "mai jar fuska" ko "mai baƙar fuska", allon gaba suke nufi, wato farantin da ke ɗauke da lambobin amfiya, ba jikin injin ba.

Haka sauran kamfanoni suke da launin da aka san su da shi: shuɗi na Miller, wanda aka kafa a Appleton ta jihar Wisconsin a 1929, rawaya na ESAB, wanda Oscar Kjellberg ya kafa a Suwidin a 1904. To amma launin da kamfani ke amfani da shi yau ba hujja ba ne a kan abin da ya shafa wa injinsa shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Ko ruwan tokan ma ba iri ɗaya ba ne daga zamani zuwa zamani. Shi ya sa injin da ke gabanka ya fi kowane hoto iya ba ka amsa.

Nemi inda rana da ruwa ba su taɓa kaiwa ba: ƙarƙashin farantin suna, cikin ƙofofin gefe, bayan maɗaurin tanki, ko inda faranti biyu suka hau juna aka ɗaure su da noti. Wanke wurin da sabulu, ka goge shi da man goge fentin mota har ainihin launin ya fito, domin tsohon fenti yana yin fari-fari a sama kamar an barbaɗa masa alli. Ja ya fi kowanne saurin koɗewa, yakan koma ruwan hoda. Idan an sha yi wa injin fenti, ɗauki sanfefa mai lamba 400 da ruwa, ka goge wuri ɗaya a karkace, za ka ga launukan sun jeru ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke kan firaima ta ƙasa shi ne na asali. Kwance ƙaramin faranti mai wannan launi ka kai wa mai haɗa fenti. Kada ka dogara da hoton waya, kowace waya da yadda take nuna launi. In an haɗa, a fesa a kan guntun ƙarfe, a bari ya bushe, a gwada su gefe da gefe a hasken rana, don fenti yana sauya kama idan ya bushe. Sannan ka rubuta lambar haɗin, ko lambar RAL, wato jadawalin launukan fenti da ake bai wa kowanne lamba, da ta fi kusa da shi, ka ajiye saboda ranar faci.

Sai tambayar da ba ka yi ba, wadda kuma ita ce ta fi muhimmanci: injin nan aiki zai koma, ko ajiye shi za ka yi don sha'awa ko sayarwa? In ajiya ce ko sayarwa, launin asali shi ne daidai, saboda masu neman tsofaffin injuna sun fi daraja wanda ya yi kama da yadda ya fito. In aiki zai koma, kana da 'yanci, amma da sharaɗi. Baƙi da shuɗi mai duhu suna kwasar zafin rana sosai, alhali ƙa'idar da ake auna juriyar injin walda da ita a yau ita ce minti 10 a zafin iska na digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Murfin da ya gasu a rana yana rage maka wannan rarar. Ruwan toka mai haske, irin RAL 7035, yana rage zafi, kuma yana tona asirin yoyon mai tun yana ɗigo. A ganinmu, waɗanda suka zaɓi ruwan toka tun farko sun san abin da suke yi. Launi biyu sun isa: ɗaya a jiki, baƙi a firam da ƙafafu inda laka da mai ke taruwa. Na uku in za a sa, a ƙugiyar ɗagawa da murfin tanki kawai, don a riƙa ganinsu da wuri.

Tambaya: Ni nawa ƙaramin injin tiransifoma ne mai tayoyi biyu. Fentin gwangwani zai wadatar, ko dole sai da kwamfuresa? Kuma daga ina ake farawa?

Amsa: Ana farawa da cire wuta. Zare filogi gaba ɗaya, in akwai kapasita a ciki a tabbatar an sauke wutar da ta riƙe kafin hannu ya shiga. Ɗauki hoton kowace waya kafin ka kwance, sannan ka cire murafu da ƙofofi ka yi musu fenti daban, nesa da cikin injin.

Wanke maiƙo kafin sanfefa, ba bayanta ba. Wanda ya fara gogewa a kan giris tura shi yake yi cikin ƙarfen, daga baya fentin ya yi ƙananan ramuka masu zagaye. Bayan wanki, a fara da sanfefa mai lamba 80 a wurin tsatsa, a bi da 180, a ƙare da 320. Tsohon fentin da ke riƙe gam ba dole a kankare shi duka ba, a dai kashe masa ƙyalli, a daidaita bakinsa da ƙarfen har yatsa ya daina jin tudu. Amma a yi hattara: fentin injunan da aka ƙera kafin shekarun 1980 yakan ƙunshi dalma, musamman ja da rawaya da ruwan lemo. A goge da ruwa don kada ƙura ta tashi, a sa takunkumi mai tace ƙura sosai, kada a ƙona fentin da wuta, kuma kada yara su zo wurin. Feshin yashi yana da kyau a kan farantin da aka cire, amma haramun ne kusa da nannaɗin waya, boris ko amica, wato ɓangaren mota ko janareta mai nannaɗin waya da ke juyawa. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa ta cinye shi, kuma tana kankare banishin da ya raba wayoyi da juna.

Ƙarfen da aka goge ya sha firaima a ranar, in an kwana tsatsa ta fara dawowa. Firaimar efoksi mai haɗi biyu ta fi kowacce riƙo da hana tsatsa. Shafi biyu, da bakin bindigar feshi na milimita 1.6 zuwa 1.8. In akwai lotsawa, a fara buga ta ta fito daga baya, foti kuwa kada ya wuce kaurin milimita 2 ko 3, saboda inji mai girgiza yana tsattsaga foti mai kauri.

Fentin sama iri uku ne a gabanka. Fentin mai na injuna, ko na gwangwani ko na bindiga, shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi kama da abin da aka shafa wa injin tun asali, ƙyallinsa ba ya wuce gona da iri. Aibinsa jinkiri: yana bushewa a taɓa cikin awanni, amma sai ya yi makonni kafin ya yi tauri. Ga ƙaramin injinka ya wadatar, gwangwani biyu na firaima da uku ko huɗu na launi. Na biyu shi ne fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri. Ya fi jure fetur da rana, amma hadinar tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai lalata huhu, takunkumin ƙura ba ya tare shi, sai mai kawo iska daga waje. Wanda ba shi da wannan ya kai wa masu fentin mota. Na uku fentin hoda ne da ake gasawa a tanda a digiri 180 zuwa 200. Yana da ƙarko, amma faranti tsura kaɗai ke shiga tanda, ba abin da ke da waya, roba ko foti na yau da kullum.

Wajen feshi, bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4, tazara santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Shafin farko ya zama sirara, a jira minti 10 zuwa 15, a bi da biyu cikakku. A lissafi lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye yana tafiya a iska, don haka babban inji mai murfi da ƙofofi zai ci wajen lita 2 na firaima da 3 na launi. Kada a yi feshi idan danshin iska ya haura kashi 85 cikin ɗari, ko ƙarfen yana da sanyin da raɓa za ta iya sauka a kansa. Ƙa'idar ita ce zafin ƙarfe ya ɗara na saukar raɓa da aƙalla digiri 3.

Abu ɗaya game da ƙyalli: duk yadda fenti ya kai da sheƙi, haka yake fallasa lotsawa. Farantin da ya sha wuya ya fi kyau da mai matsakaicin ƙyalli, ko irin fentin nan mai zanen bugun guduma.

Tambaya: Na yi shafi na biyu washegari, sai fentin ya tattare ya yi yamutsa-yamutsa. Me ya jawo?

Amsa: Lokaci ne ya ci ka. Fentin mai yana bushewa daga sama, ƙasansa na nan da laushi. Tinar da ke cikin sabon shafi ta ratsa fatar saman, ta kumbura na ƙasa. Yawancin gwangwanaye suna cewa a maimaita cikin awa ɗaya, in an wuce haka a jira awa 48, kai kuwa ka faɗa tsakiya. Haka ma ke faruwa idan aka fesa fenti mai zafin tina a kan tsohon fentin mai. Babu gyara sai haƙuri: bar shi mako guda ya yi tauri, goge wurin har ya daidaita, sa firaima, ka sake. Nan gaba gwada a ɓoyayyen wuri kafin ka bi jikin duka.

Tambaya: Ina so in fesa wa cikin injin baƙin fenti don ya yi sabo ciki da waje. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma ta fi ta launi girma. Fenti ba ya barin wuta ta wuce yadda ya kamata, wani fentin kuma yana barinta ta bi inda bai kamata ba. Dukansu haɗari ne a nan.

Wurin da wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta kauce zuwa ƙasa, ta kama jikin injin dole ya zama ƙarfe tsirara. Mutane da yawa suna yi wa faranti fenti mai kauri ciki da waje, su ɗaure, ba su san sun raba murfin da wayar ƙasa ba. Ranar da waya mai wuta ta goga jikin murfi, fis ba zai yanke ba, mai taɓawa ne zai ji a jikinsa. Liƙe wuraren nan da tef kafin feshi, ka sa washa mai haƙora a ƙarƙashin notin don ta ciji ƙarfe. Bayan haɗawa a auna da mita: daga ƙafar ƙasa ta filogi zuwa kowane faranti kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na om. Haka za a rufe turakun da kebul ɗin walda ke kamawa, da bakin suwic, da kwamiteta da mazaunin burushin kabon a injin janareta, da zaren da ke matsar da ƙarfen daidaita amfiya. Fenti a kan turakun kebul yana sa su zafi har su narkar da abin da ke riƙe da su.

Nannaɗin waya kuwa ba a yi masa fentin jiki ko kaɗan. A busa masa iska marar ƙarfi, in banishinsa ya tsattsage a bi shi da jan banishin lantarki da aka yi don wannan aikin. Fenti mai garin alminiyam ko zinki yana iya ba wuta hanya, kada ya kusanci allon da wayoyi ke haɗuwa. Kafin a kunna, a sa mega, wato mitar gwada ko wuta na yoyo, mai bolt 500 tsakanin nannaɗin da jikin injin. Ƙasa da megom ɗaya, wato om miliyan ɗaya, alama ce ta danshi ko lalacewa. In injin na da dayod ko allon lantarki, a cire su daga layi kafin gwajin.

Tagogin iska da haƙarƙarin lagireto shafi ɗaya siriri ya ishe su, kauri yana toshe iska. Jikin injin fetur yana son fentin inji mai jure digiri 260, salansa kuwa sai mai jure wajen 600. In kun ci karo da wani abu fari mai zare-zare da aka naɗe waya da shi, ku ɗauka asbestos ne, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kada a goge shi ko a busa shi. Injin da tiransifomarsa ke cikin mai, ko mai tsofaffin kapasita masu mai, in ya girmi 1979, shekarar da Amurka ta hana sarrafa PCB, wani sinadari mai guba da ake sakawa a irin wannan man, a gwada man kafin a taɓa shi.

Tambaya: Farantin sunan ya koɗe, da ƙyar ake karanta shi. In sake masa fenti?

Amsa: A'a. Huda ribit ɗinsa a hankali da ƙaramin bakin dirila, ka cire shi, ka wanke da sabulu da tsumma mai laushi, ban da tina, ban da sanfefa. Ɗauki hotonsa, ka kwafe lambar ƙira da lambar injin a takarda, da su ake gane shekararsa da kayan gyaran da suka dace da shi. Ga injunan da suka yi suna irin SA-200 ana samun sababbin allunan gaba da sitika da aka kwaikwaya, ana iya sa su, amma farantin da aka buga wa lambar injin a mayar da shi mazauninsa komai koɗewarsa. Sitika kuma ta jira: mako biyu zuwa huɗu a kan fentin mai, kwana kaɗan a kan mai haɗi biyu, in ba haka ba tinar da ba ta gama fita ba za ta tayar da ƙuraje a ƙarƙashinta.